Windows 11, zama kan Windows 10, ko komawa Linux: wanne ya dace da kwamfutarka a Yamai?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta. Kwamfutar tana nan tana tashi kamar jiya, Word yana buɗewa, firinta tana bugawa. Abin da ya canza ba ya ganuwa da ido: duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga wannan rana, babu mai zuwa ya toshe ta, sai dai in an shiga shirin ESU da za mu yi bayaninsa a ƙasa. Shi ya sa tambaya ɗaya ke yawo daga shagunan gyara na kewayen Babbar Kasuwa zuwa ofisoshin Plateau da ɗakunan ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni: a hau Windows 11 ne, ko a zauna inda ake?

Rabin amsar yana cikin lamba ɗaya da ke jikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sauran rabin yana cikin aikin da kwamfutar ke yi, da ko tana shiga intanet.

Fara da lambar. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka danna Entrée. A layin Processeur za ka ga wani abu kamar i5-8250U ko i5-7300U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin furosesar, abin da ƴan kasuwa ke kira janarasiyon. 8250U zubi na 8 ne, 7300U zubi na 7, 3320M zubi na 3. Idan ka ga 10210U ko 1135G7, lambobi biyu na farko za ka karanta, wato 10 da 11. Windows 11 yana karɓar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, AMD Ryzen kuma daga jerin 2000, ban da ƴan kaɗan da aka keɓe. Kalmar i7 da ke manne a jikin na'ura ba ta da wani tasiri a nan: i7 na zubi na 6 an rufe masa ƙofa, i3 na zubi na 8 kuwa an karɓe shi.

Wannan sharaɗin shi ne ya fi taɓa mu, don yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a a nan na hannu ne, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su. Dell Latitude E6430, HP EliteBook 840 G3 da G4, ThinkPad T470, OptiPlex 7050, duk na'urori ne masu ƙarko, kuma duk ba su cika sharaɗin ba. EliteBook 840 G5, ThinkPad T480 da Latitude 7490 su ne kan iyaka. Mafi yawansu zubi na 8 ne, amma akwai waɗanda aka haɗa da i5 na zubi na 7 a cikin jiki iri ɗaya, don haka sunan samfuri kaɗai bai isa hujja ba.

Sauran sharuɗɗan sun fi sauƙi: RAM giga 4, wuri a diski giga 64, tashi ta sabuwar hanya mai suna UEFI mai iya Secure Boot (tsaron lokacin tashi), da TPM 2.0. TPM ɗan sashe ne da ke ajiye makullan sirri. Ka rubuta tpm.msc kamar yadda ka yi ɗazu, ka duba ko an rubuta 2.0. Idan aka ce ba a same shi ba, kada ka yi saurin yanke ƙauna. A na'urori da yawa yana nan, a kashe ne kawai cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga lokacin kunna na'ura, kafin Windows ya tashi. Ana shiga BIOS da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, sai ka nemi TPM, ko PTT idan Intel ne, ko fTPM idan AMD ne. Matsalar da ake cin karo da ita a kayan hannu ita ce BIOS da tsohon kamfanin ya kulle da kalmar sirri. Irin wannan, sai an koma wurin wanda ya sayar.

Idan na'urarka ta cika sharuɗɗa

A nan shawararmu a fili take: ka hau. Idan Windows 10 ɗinka mai lasisi ne, hawan kyauta ne, lasisin yana binka. Sai dai kada ka hau da zaton kwamfutar za ta ƙara gudu. A na'ura ɗaya, Windows 10 da 11 kusan gudunsu ɗaya ne. Abin da kake saye da wahalarka shi ne gyaran tsaro na kowane wata, sai ƴan abubuwan jin daɗi: shafuka da yawa a taga ɗaya ta Explorateur, buɗe fayilolin RAR da 7z ba tare da an saka wata manhaja ba, da kayan ɗaukar hoton allo da ke iya ciro rubutu daga cikin hoto. Akwai kuma abin da za ka rasa. An cire WordPad daga sigar 24H2. Idan ka danna maɓallin dama na linzami, wasu zaɓuɓɓukan sun ɓuya ƙarƙashin Afficher plus d'options, abin da ke ɓata wa masu buga takardu rai a makon farko. Maɓallin Démarrer da ya koma tsakiya kuwa ana mayar da shi hagu cikin minti ɗaya.

Giga 4 da Microsoft ya rubuta na tashi ne kawai. Windows 11 shi kaɗai yana cinye fiye da rabinsu, ka buɗe Chrome da shafuka biyar da Word, sai na'ura ta fara nishi. Giga 8 ne mafarin aiki cikin natsuwa. Kafin ka sayi ƙarin RAM ka duba irin wanda ke ciki, don DDR3L da DDR4 ba sa shiga ramin juna, wasu siraran na'urori kuma RAM ɗinsu a like yake, ba a ƙarawa. Abin da ya fi RAM muhimmanci ma shi ne diski. Tsohon diski mai juyawa shi ne sanadin mafi yawan nauyin da ake ɗora wa Windows laifinsa: ka buɗe Gestionnaire des tâches ka ga diski yana tsaye a kashi 100 alhali ba ka komai. SSD, wato sabon diski marar juyawa, mai giga 256 yana sauya na'ura fiye da duk wani sabon Windows. Wanda kuɗinsa bai wuce na abu ɗaya ba, ya fara da SSD.

Yanzu shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafe takardunka zuwa wani diski na waje, kuma ka buɗe kwafin ka tabbata ya shiga. Partisiyon D: na cikin na'urar ba wurin ajiya ba ne, diski ɗaya ne, in ya mutu sun tafi tare. Ka tattara lasisin manhajojin da ka saya, musamman na lissafin kuɗi irin su Sage. Ka shiga shafin kamfanin firintarka da sikana ka tabbatar akwai pilot (manhajar da ke sa Windows ya gane na'urar) na 64-bit, domin Windows 11 ba shi da sigar 32-bit sam. Wanda ke kan Windows 10 na 32-bit ba shi da hanyar hawa kai tsaye, sai an goge an saka sabo.

Sai maganar wuta, wadda a garinmu ita ce ke lalata aiki fiye da komai. Hawan yana ɗaukar ƙasa da awa ɗaya a SSD, a tsohon diski yana iya wuce awa biyu, kuma na'urar tana sake tashi sau da yawa a tsakani. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, galibi Windows yana iya komawa baya da kansa, amma ba kullum ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ta tsira daga wannan. Wadda batirinta ya mutu, da kwamfutar tebur, suna buƙatar wuta mai tabbas: ƙaramin ondilar na 650 VA mintuna kaɗan yake riƙewa, ba zai kai ka ƙarshen aiki ba, sai dai wurin da ke da hasken rana da batura ko janareta. Idan kuma sai an sabunta BIOS, nan haɗarin ya fi girma, don yankewar wuta a wannan lokaci tana iya hana na'ura tashi gaba ɗaya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, akwai abu na biyu. Furosesa tana aiki da dukan ƙarfinta yayin hawan, kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Na'urar da ke kashe kanta saboda zafi, a buɗe ta a share, a canza man furosesa, sannan a fara. Da sassafe ya fi.

Kuɗin intanet ma abin lissafi ne. Fayil ɗin ISO na Windows 11, wato fayil ɗin da ake saka Windows da shi, yana tsakanin giga 5 da 8 gwargwadon siga, bayan shi kuma akwai sabuntawa na farko. Ko da Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, wannan ba ƙaramin forfe ba ne. Ofis ko sibar mai kwamfuta goma bai kamata ya sauke sau goma ba. A sauke ISO sau ɗaya daga shafin Microsoft, a sa a kile, a kowace na'ura a danna shi sau biyu a buɗe setup.exe. Nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa: dole harshen ISO ya zama ɗaya da harshen asali na Windows ɗin da ke ciki. Na'urar da ta zo da Windows na Ingilishi ko Jamusanci aka ɗora mata Faransanci a sama, idan ka kawo mata ISO na Faransanci, zaɓin riƙe manhajoji da fayiloli zai dushe, ba zai dannu ba. Umarnin dism /online /get-intl yana nuna harshen asalin. Bayan an gama, ka shiga saitin Wi-Fi ka kunna Connexion limitée don kada Windows ya sha forfe ba da saninka ba.

Wani cikas kuma: msinfo32 ya nuna Mode BIOS Hérité maimakon UEFI. Ma'anarsa an saka Windows ta tsohuwar hanya a kan diski mai tsarin MBR. Akwai kayan aikin Microsoft mai suna mbr2gpt da ke juya shi ba tare da gogewa ba. Ana fara mbr2gpt /validate /allowFullOS, idan ya amince sai mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan a shiga BIOS a mayar da shi UEFI. Wanda ya juya BIOS kafin ya juya diski zai ga na'ura ta ƙi tashi, maganinta ya mayar da saitin yadda yake. Kayan aikin yana ƙin diskin da ke da partisiyon na asali fiye da uku ko mai partisiyon na lojik, kuma haka masu gyara da yawa suke yanka diski, C da D da E. A irin wannan, kwafe komai a saka sabo ya fi sauƙi.

Abu ɗaya muke roƙon kowa ya kula da shi, don asararsa ba ta da magani. Daga sigar 24H2, idan aka saka sabon Windows aka shiga da asusun Microsoft, na'urar tana iya kulle diskin da kanta da BitLocker, tsarin Windows na rufe bayanan diski da makullin sirri. Makullin ceto mai lamba 48 yana tafiya cikin asusun da aka shiga da shi. Idan mai gyara ya shiga da nasa asusun, ko ya ƙirƙiri wani na wucin gadi ya manta kalmar sirrinsa, ranar da aka taɓa BIOS ko aka canza katakon uwa, shuɗin allo zai nemi lambar, kuma babu wani gwani a Yamai ko a wajenta da zai buɗe diskin ba tare da ita ba. Ka zauna kusa da mai gyara ka shiga da asusunka, ka rubuta lambar a takarda ka adana a gida.

Idan ka hau ta setup.exe kuma wani abu ya ƙi aiki, kana da kwana 10 na komawa Windows 10 ta Paramètres, Système, Récupération. Kada ka share babban fayil ɗin Windows.old cikin waɗannan kwanaki don neman wuri, shi ne hanyar komawar.

Idan na'urarka ba ta cika ba

Nan ne ake ta muhawara, kuma hanyoyi uku ne.

Ta farko ita ce tilastawa. Manhajar Rufus tana haɗa kile da ke tsallake binciken TPM da furosesa, kuma gaskiya ne Windows 11 yana tafiya lafiya a kan i5 na zubi na 6 ko 7 mai SSD da giga 8. Matsalar tana zuwa daga baya. Kowace sigar shekara ta Windows 11 Home da Pro wata 24 take samun gyara. 23H2, alal misali, ta ƙare ranar 11 ga Nuwamba 2025. Na'urar da ta cika sharuɗɗa tana wucewa sabuwar siga da kanta, wadda aka tilasta kuwa yawanci Windows Update ba ya kawo mata, sai an sake ɗora ISO da hannu. Akwai kwamfutoci da yawa yau da ke ɗauke da sunan Windows 11 amma suna zaune kan 22H2 ko 23H2, babu gyaran tsaro, daidai da Windows 10 da suka gudu daga gare shi, masu su kuma ba su sani ba. Ka rubuta winver ka ga sigarka. Microsoft ma ya faɗa a fili cewa bai yi wa irin waɗannan na'urori alkawarin sabuntawa ba, kuma ya riga ya nuna zai iya rufe ƙofa: 24H2 ba ya tashi ko kaɗan a kan furosesa irin Core 2 Duo saboda rashin umarnin SSE4.2. A ganinmu wannan hanya ta dace da wanda ya iya gyara da kansa kuma na'urar tasa ce. Ga ofis, kantin magani, ko shagon tura kuɗi, ba mu ba da shawararta ba. Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima ya rage masa nauyi, wanda ake yawo da shi a kile, ya fi wannan muni, don galibi an cire masa Defender, wato maganin birus na Windows, da sabuntawa, kuma ba ka san abin da aka ƙara a ciki ba.

Ta biyu ita ce zama kan Windows 10. Microsoft ya buɗe shirin ESU na ƙarin gyaran tsaro ga masu amfani na gida, iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Sai na'ura tana kan siga 22H2, kuma sai da asusun Microsoft. Ana shiga kyauta idan an yarda a ajiye saitunan na'ura a asusun, ko da maki 1000 na Microsoft Rewards, ko da dalar Amurka 30, kuma rajista ɗaya tana ɗaukar na'urori har 10. Na kamfanoni daban ne: dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, shekara uku ne iyaka. A rashin uwa ne ake uwar ɗaki. Amfanin ESU shi ne ba ka lokacin tara kuɗin wata na'ura. Bayan wa'adin, abin zai tafi ne a hankali kamar yadda ya faru da Windows 7, wanda aka daina gyarawa a Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya masa a siga ta 109 a farkon 2023. A tuna Office 2016 da 2019 su ma gyaransu ya ƙare rana ɗaya da Windows 10.

Amma ba kowace kwamfuta ce ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Wadda ke shagon buga takardu da fotokopi, ba ta shiga intanet, aikinta Word da firinta, za ta iya zama kan Windows 10 shekaru. Abokin gabanta kile ne, wanda kowane abokin ciniki ke zuwa da nasa, da birus ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi. Ita tana buƙatar asusun aiki wanda ba na administrateur ba, da maganin birus da ake sabuntawa lokaci lokaci, da kwafin ajiya. Wadda ake shiga banki da ita, ko imel na aiki, ko bayanan marasa lafiya da na ɗalibai, ita ce ba za a bari haka ba.

Ta uku ita ce Linux Mint, wani tsarin aiki da ake sakawa a madadin Windows, kuma mutane suna raina ta fiye da yadda ya kamata. Jerin Mint 22 yana da gyara har 2029, kyauta ne, ba ya neman TPM ko zubi na 8, fayil ɗinsa wajen giga 3 ne, kuma sigar Xfce tana tafiya da sauƙi a giga 4. Fuskarsa ta yi kama da Windows 7, yana magana da Faransanci, yana da allon rubutu na AZERTY da na Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ kamar yadda Windows ke da shi. Firefox da LibreOffice (madadin Word da Excel) suna ciki, Chrome yana sakuwa, WhatsApp na intanet da Zoom suna aiki, birus ɗin kile na Windows kuma ba ya tashi a cikinsa. Mafi kyawun abin shi ne ana gwada shi daga kile ba tare da an taɓa diski ba. Ka tashi da F12 a Dell da Lenovo ko F9 a HP, ka gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta kafin ka yanke shawara. Wasu katunan Wi-Fi na Broadcom sai an haɗa waya an saka pilot ta Gestionnaire de pilotes.

Iyakarsa a fili take. Word da Excel na Microsoft ba sa sakuwa, haka Sage, CorelDRAW, Photoshop, AutoCAD da yawancin kayan filashin waya. Firintocin HP galibi suna aiki ba wahala, Canon LBP 2900 kuwa, wadda ta cika shagunanmu, tana da wuyar sha'ani a Linux saboda irin pilot ɗinta. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu ya sani cewa fayil ɗin docx yana iya sauya tsarin shafuka tsakanin LibreOffice da Word. Saka haruffan Times New Roman da Arial yana rage matsalar, kai wa mai bugawa PDF kuma yana kawar da ita. Ga kwamfutar gida, ta yara, ta ɗakin karatun makaranta, ko ta wanda aikinsa duk a cikin intanet yake, Mint ya fi Windows 11 na tilas, ya kuma fi Windows 10 marar gyara. Ga mai zanen kati da banoni ko akawu, ba hanyarsa ba ce, shi sai ya nemi na'ura mai zubi na 8 ko sama.

Wanda zai je sayen irin wannan na'urar, a Yamai ko a Tawa, kada ganin Windows 11 a allo ya ishe shi, tunda ana tilasta shi a kan kusan komai. Ka kunna ta a gaban mai shago, ka buɗe msinfo32 ka karanta lambar furosesa da Mode BIOS, ka buɗe tpm.msc ka ga 2.0, ka sake tayar da ita ka shiga BIOS don ka tabbata ba a kulle yake ba. Sannan ka rubuta powercfg /batteryreport ka gwada ƙarfin batir na yanzu da na asali, ka cire caja ka bar ta tana aiki minti ashirin kafin ku fara ciniki.